Maalim Pandu da Suruka Mai Ido Biyu

A duk tsibirin Pemba, daga Mkoani har Wete, babu mutumin da rana ke jin nauyinsa kamar Maalim Pandu Silima. Sauran masu hoto jiran haske suke yi. Shi haske ne ke jiransa. In ya fito da safe ya ɗaga kai ya dubi sama ya taɓe baki, mu mutanen Chake Chake sai mu san yau rana ba ta yi ƙoƙari ba.

Ilimi kuwa sai dai a yi shiru. Ya taɓa zuwa Darussalam kwas na ɗaukar hoto. Shi yana cewa shekara biyu ya yi. Ƙanwar matarsa, mai sana'ar soya kifi, wadda ya sauka a gidanta, ta ce kwana tara ne, har da biyun da ya yi a kwance yana amai bayan saukowa daga jirgin ruwa. Amma me mai soya kifi ta sani game da yadda masana ke ƙirga lokaci? Tun da ya dawo ya daina amsa sunan mai hoto. Daktan Haske yake. Ya sa an rubuta masa haka a jikin kekensa, gaba da baya, don wanda ya wuce shi da wanda shi ya wuce kowa ya ƙaru.

Yana da falmaran mai aljihu goma sha huɗu, ba ya cire ta ko a zafin watan tsinkar kanumfari. A wuyansa akwai ɗan injin awon haske da allurarsa ta rasu tun ba mu yi wayo ba. Wannan bai hana shi aiki da shi ba. Sai ya kara maka shi a goshi, ya duba, ya girgiza kai.

"Fuskarka ba ta da haske," in ji shi, "amma za mu yi abin da ilimi zai iya."

Masu hoto bakwai ne a garinmu, suna da ƙungiya, Maalim ne shugaba. Shugabancin nan ba na banza ba ne. Dokar ƙungiya ta ce shugaba shi ke zama a gindin mangwaron da ke ƙofar ofishin fasfo. Duk mai zuwa Maskat ko Mombasa sai ya zauna a kujerar gindin mangwaron nan an ɗauke shi. Sauran shidan suna yawo a kasuwa da bakin teku suna addu'ar Allah ya sa wani ya yi aure. Shekara goma sha ɗaya Maalim yana zaune a inuwar, har mangwaron ya fara kama da shi.

Ana nan sai Suruka ta zo garin.

Kyamara ce. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba Shaame Kombo ita kyauta, ya koma jirginsa da sauri ko gahawa bai tsaya sha ba. Shaame, wanda shi ne mai bin Maalim a ƙungiya, mutum ne mai haƙuri, amma a mako guda ya gane dalilin saurin baƙon. Baƙar akwati ce mai nauyin dutsen niƙa, da idanu biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai ta fuska. A kan ciki ake rungume ta, a buɗe murfin sama a leƙa wani gilashi kamar mai duba ruwan rijiya. Idon sama ke nuna maka mutum, idon ƙasa ke ɗauka, kuma su biyun ba sa shawara da juna. A cikin gilashin nan hagu ya koma dama, dama ta koma hagu. Fim ɗinta hoto goma sha biyu kacal yake ci, shi ma sai an aika tsibirin Unguja, tsallaken teku, an sayo. In ka manta ba ka naɗe fim ba, ba za ta tuna maka ba, sai ta ɗora hoto a kan hoto ta yi shiru abinta.

Shi ya sa aka sa mata suna Suruka. Ba a haɗa ido da ita, dole ka sunkuyar da kai a gabanta, kuma duk abin da ka yi ba ka yi daidai ba.

Shaame ya ba Ussi ita kyauta. Ussi ya ba Faki Dogo kyauta, Faki ya daina gaishe shi. Haka ta zaga gidajen masu hoton nan shida, kowa ya gwada ya tura gaba, har ta ƙare a kan dakalin mai gahawa, inda ake danne jarida da ita kada iska ta ɗauke. Nan Maalim ya same ta. Ya ɗaga ta, ya hure ƙura, ya dubi 'yan ƙungiyarsa kamar likitan da ya tarar an ɗaure mara lafiya da igiyar shanya.

"Ƙannena," in ji shi, "kyamara ba ta ƙin mutum. Mutum ne ke gaza kaiwa matsayinta. Wannan da kuke danne jarida da ita, a Turai sai mai digiri ake bari ya taɓa ta, shi ma bayan ya wanke hannu. Ku kun saba da 'yan kyamarorin da akuya ma in ta taka za su ɗauka. Daga yau da wannan zan yi aiki, domin ku ga bambancin mai danna ƙarfe da mai sarrafa haske."

Shaame ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya, Maalim."

Wanda ya fara cin moriyar ilimin shi ne Mzee Makame, tsohon da zai je Maskat ganin ɗansa. Ya sha sabuwar hula mai aiki, ya zauna a gindin mangwaro. Maalim ya matso kusa, ya sunkuya, ya ga tsoho tsaf a gilashi, ya danna. Da aka wanke hoton, sai ga Mzee Makame daga gira zuwa cibiya.

"Maalim, ina hulata? Kai, bar hular ma, ina goshina?"

"Mzee, a ƙasashen da suka ci gaba an daina yayin goshi. Mutum daga ido yake farawa."

Ma'aikacin fasfo, da yake shi bai je kwas ba, ya ce a kawo goshi ko a fasa tafiya.

Sai kuma bikin aure a gidan wani mutumin garinmu, Bakari. Da safen ranar Maalim ya ɗauki wani masunci da ƙaton kifin da ya kama, ya shagala da yi wa masuncin bayanin yadda haske ke tafiya a kan ruwa, bai naɗe fim ba. Da yamma ya ɗauki ango. Hoto ya fito ango na zaune cikin farar riga, kifi na leƙowa daga kafaɗarsa, bakinsu a haɗe. Dangin amarya sun daɗe suna kallo. Wata gwaggonta ta ce ita dai tsakani da Allah ta ga kama. Maalim ya ce wannan shi ake kira fasaha, kuma bai ƙara musu komai a kan kifin ba.

Kafin wata biyu, masu neman fasfo suka koma shiga mota suna zuwa Wete a ɗauke su da kawunansu cikakku. Gindin mangwaro ya zama wurin barcin kyanwa. Ƙungiya ta kira taro a dakalin mai gahawa, Shaame ya yi magana a madadin sauran.

"Maalim, girmanka ne, ba mu ƙi ba. Amma aiki na tafiya Wete muna kallo. Ko ka ajiye Suruka, ko ka ba wani gindin mangwaron."

Mutum mai ƙaramin ilimi da ya ajiye kyamarar ya ci gaba da shan inuwarsa. Maalim ya miƙe tsaye, ya gyara falmaran.

"Na ji hassada ta yi magana, yanzu ilimi zai amsa. Ran Asabar akwai wasan bijimi a ƙauyen Pujini. Ku za ku hau bishiya kamar yadda kuka saba, ku ɗauko ƙura da bayan mutane. Ni zan shiga fili da wannan kyamarar, in ɗauko fuskar bijimi ido da ido. In na kawo hoton, kada wanda ya ƙara ambaton mangwaro har in mutu. In ban kawo ba, Shaame, ka ɗauki kujerar, ka ɗauki inuwar."

Babu wanda ya roƙe shi wannan alkawari. Shi ya yanka wa kansa, a gaban shaidu, har da mai gahawa.

Ranar Asabar bayan azahar fili ya cika. An gama girbin shinkafa, kowa na da ƙarfin ihu. Mata sun cika rumfar katakon da aka kafa musu, suna tafi suna waƙar zagin bijimi don ya fusata, mai algaita na zuga su. Samari na tsaye a fili, kowa da ɗan guntun tabarmarsa. Wasan dai sananne ne: ka kira bijimi, ya taso, ka kauce a daidai lokacin da ya kamata, mata su yi maka guɗa. Bijimin ranar wani baƙi ne gajere mai tozo, sunansa Ba-Sulhu.

Masu hoto shida suka hau bishiyarsu. Maalim ya taka har tsakiyar fili, Suruka na rataye a cikinsa. Ya ɗaga mataccen injinsa ya auna hasken bijimi daga nesa. Ya ɗaga wa rumfar mata hannu. Sannan ya buɗe murfi ya sunkuyar da kai, ya bar duniya ya shiga gilashi.

Aka kwance wa bijimi igiya. Ba-Sulhu bai ko kula da Maalim ba. Wani saurayi ya sa a gaba, mai kaɗa tabarma a hannun daman Maalim, can baya kaɗan. Ya sa kai ƙasa ya taso. Da Daktan Haske ya tsaya cik inda yake, da bijimin ya wuce ta damansa salin-alin, da ya samu hoton da za a yi shekara ana magana.

Amma a gilashin Suruka, bijimin ta hagu yake tahowa.

Maalim ya ga haɗari a hagu, ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ya ɗaga ƙafa cikin natsuwa ya matsa dama.

Shaame ya yi kira daga kan bishiya, "Maalim, hagu! Koma hagu!"

"Na fi ka ganinsa," in ji Maalim, bai ɗago ba. Ya duba gilashi ya ga har yanzu bijimin na hagu, ya ƙara taku biyu zuwa dama, irin takun manya, don mata su ga ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Ba-Sulhu bai taɓa samun wanda ya kawo kansa haka ba. Ya sa ɗan gajeren ƙahonsa a ƙarƙashin falmaran, ya ɗaga ilimin kwana tara gaba ɗaya ya aika shi sama. Aljihu goma sha huɗu suka zazzage: murfin fim, tsinken sakace, alewa, wani tsohon biro. Maalim ya juya sau ɗaya a iska ya sauka zaune a kan tarin ɓawon kwakwa. A kan bishiya kuwa, kyamarori shida, irin waɗanda akuya ma za ta iya, suka yi ƙas a tare.

Bai karye ba, sai dai ya yi mako guda yana cin abinci a tsaye. Suruka ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kuma ashe ya danna, domin yatsansa na kan maɓalli lokacin da ya tashi. Aka wanke fim a gaban shaidu. Hoton ya fito tas, babu wanda Suruka ta taɓa ɗauka mai kyansa: sararin sama, kan bishiyar kwakwa, da takalmi ƙafa ɗaya yana tafiya shi kaɗai.

Maalim ya riƙe hoton da nisa, ya matso da shi kusa.

"Ƙannena, ku shaida tarihi. Kowa na iya ɗaukar bijimi. Wannan shi ne karo na farko a Afirka ta Gabas da aka ɗauki abin da bijimi ke gani."

"Gaskiya ne, Maalim," in ji Shaame. "Ina fuskar tasa?"

Washegari Shaame ya kai kujerarsa gindin mangwaro. Mzee Makame ne ya fara zama, ya tashi da goshinsa da hularsa. A jikin bishiyar kuma Shaame ya kafa hoton da ya ɗauka a Pujini, don jawo masu wucewa: Daktan Haske a sama, ƙafafu a warwatse, ido waje, baki buɗe, bijimi a ƙasa yana kallonsa kamar mai jiran a faɗa masa ko ya yi daidai. Maalim ya zo ya tsaya a gabansa ya daɗe. Ya ce hasken ya yi yawa ta gefen hagu, kuma da shi ne ya ɗauka da ba haka zai tsara shi ba.

Ran Laraba sai ga Bi Riziki, matar Maalim, ta zo da kwandon cefanenta. Shaame ya miƙe da sauri, ya fara laluben ƙusa zai cire hoton.

"Bi Riziki, ki yi haƙuri, wasa ne na 'yan sana'a, yanzu zan sauke."

"Bar shi inda yake. Wani nake so ka wanke mini, babba, wanda zai cika bangon falo. Ka sa masa gilashi."

Shaame ya tsaya da ƙusa a hannu. "Wannan ɗin? Me za ki yi da shi?"

Ta gyara mayafinta, ta ƙara duban hoton, fuskarta cike da jin daɗi.

"Shekara ashirin da uku muna tare," in ji ta. "Yau na fara ganin bakinsa a buɗe ba jawabi yake yi ba."