Ranar da na kulle surukina a mota mai ɗaki

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanin matata ba, kuma ko na so in manta mutanen Shisha, unguwar surukaina a Makka, ba za su bar ni ba. Har yau in abin ya faɗo mini sai raina ya ɓaci. In fara da kamfanin da ya ƙera motar, in wanke su tas, in dawo kan dillalin da ya sayar mini, in haɗa da uban gidansa. Sai na gama da kowa sannan in duba in ga saura mutum ɗaya ban zaga ba, kuma shi ne ya fi cancanta.

Ni mai gyaran iyakondishan ne, ɗan Kano, ina zaune a Ka'akiyya ta Makka da iƙamar aiki, wato takardar izinin zama ta baƙo. Matata Najat haifaffiyar Makka ce, kakanta ne ya zo hajji ya zauna, duk gidansu 'yan ƙasa ne. Mahaifinta, wanda nake kira Ammi kamar yadda ake kiran suruki a nan, bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, gaskiya ɗaya ce. Amma in na je gaishe shi yakan ce, "Ya aikin, ana dai ɗan samu?" da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Shekara shida ina haɗiye wannan "ɗan samu" ɗin, yana tsaya mini a wuya.

To a shekarun da ake ta ɗaga otal-otal kewaye da Harami aiki ya buɗe mini. Mai hankali da fili zai saya a gida. Ni kuwa haraj na nufa, kasuwar gwanjon motoci ta Jidda, na dawo da karafan. Mota ce mai ɗaki a ciki: gado, kujerun zama, firji, murhu, har da ɗan banɗaki. Dillalin ya rantse mini da duk abin rantsuwa cewa ko ƙusa ba ta buƙata. Ban saye ta don yawon daji ba, ni da ko Ɗa'if sai in shekara ban je ba. Na saye ta ne don Ammi ya gani.

Da aka zo rubuta istimara, wato takardar mallakar mota, aka ce mai iƙama irina ba za a sa masa irin wannan da sunansa ba. Sai muka yi abin da kowa yake yi, aka sa sunan yayan matata Usama da lambar wayarsa. Mota tawa, suna nasa. Tun daga ranar na fara zarginsa, duk da bawan Allah bai yi mini komai ba (ban da injin huda bango da ya taɓa ara ya dawo mini da shi babu baki).

Sai kuma gwanintar sana'a ta motsa. Na lura sanyin ɗakin yana zurarewa ta wajen direba, inda rana take dukan gilashi. Na samo katako mai kauri na toshe hanyar da ke tsakanin ɗaki da mazaunin direba, na ɗaure da ƙusoshi, na bi da kafet. Ɗaki ya yi sanyi kamar cikin firji. Najat ta leƙa ta tambaye ni, in wani abu ya faru ta ina mutum zai fita. Na ce mata ƙofar da ke gefe ado aka yi ta?

Saura sati uku biki Usama ya fara kirana. Ina ganin sunansa na ce an zo wajen, so yake ya kwashi abokansa su tafi Ɗa'if su ɓata mini kujeru da man kaza kafin Ammi ya gani. Na ƙi ɗauka. Ya kira da safe, ya kira da yamma. Ya turo wani dogon saƙo na Larabci, irin Larabcin ofis da ba shi da kai ba shi da gindi. Ni Larabcina na kasuwa ne, na iya ciniki na iya faɗa, amma karatun rubutu mai tsawo ciwon kai yake sa ni. Na ga layin farko yana ambaton samfurin motata, na ce ka ga wayo, har da rubutun roƙo, na rufe. Ya bi ta wajen Najat, ta ce mini Usama ya ce in kira shi, maganar mota ce kuma da muhimmanci. Na ce ai na san maganar mota ce, shi ya sa. Wata Juma'a na hango shi yana nufo ni a masallaci, na sulale ta ɗaya ƙofar, na bar takalmina sai da na zagayo.

Ranar biki an kama istiraha a bayan gari, irin gidan hutun da ake haya don taro. Tsakiyar zafi ne, bayan azahar, ranar da in ka taɓa ƙarfen mota sai ka yi salati. Na iso cikin sabuwar farar jallabiya, na faka karafan daidai bakin ƙofa inda babu mai shiga bai gan ta ba, na tayar da janareta. Allah da ikonsa sai na'urar zauren maza ta ƙi yin sanyi, dattawa suna ta fifita da hula. Usama kuma an aike shi gari ɗauko farantan shinkafa. Na ce yau rana tawa ce.

Na je na durƙusa gaban Ammi na ce in ba damuwa a zo a ɗaura auren a cikin motata, akwai sanyi. Na danna kalmar "motata" yadda na bayan zaure ma zai ji. Ammi ya shiga, uban amarya ya shiga, ga ma'azun mai rubuta aure da littafinsa, ga ango, ga shaidu biyu. Ammi ya shafa kujera ya kalle ni ya ce, "Ma sha Allah." Wallahi ji na yi kamar an ba ni takardar zama ɗan ƙasa. Wuri ya cika, don haka na tsaya a waje, na tura ƙofa da hannuna ta rufu, na juya ina amsa tambayoyin jama'a ina cewa ai ba wani tsada, rufin asiri ne.

Bayan kamar minti goma sha biyar na ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Na kama mariƙin ƙofa na ja, ya tafi salalan kamar ba a haɗe yake da komai ba. Na sa mukulli, yana juyawa babu abin da ya kama. Ango ya leƙo ta 'yar tagar gefe ya ce na ciki ma ba ya buɗewa. Na yi dariya na ce wa mutane ƙaramin abu ne, ni da nake kwance injin otal. Na ja, na tura, na daka da kafaɗa. Wani ya ce su fito ta wajen direba mana. Na yi kamar ban ji ba.

Ina cikin haka janareta ta yi tari biyu ta mutu. Na san dalili sarai: daga tankin mota take shan mai, in ya yi ƙasa sai ta tsaya, ni kuma na wanke mota na fesa turare amma ban cika tanki ba. Wanda bai san Makka ba ba zai gane ba. Mota a rufe a rana, mutum shida a ciki, kafin minti biyar ta zama tanda. Kuma Ammi yana da asma. Ango ya sake leƙowa, wannan karon babu wasa a fuskarsa, ya ce Baba ba ya iya numfashi. Ina jin shaƙar numfashin tsohon ta cikin taga, ina ta ƙwaƙular makulli da sukudireba.

Ma'azun ne ya gano tagar baya mai jajayen mariƙai, wadda aka yi don fitar gaggawa (wata huɗu da mota ban san da ita ba). Suka ɓalle ta. Sai dai tana da tsawo daga ƙasa, babu tsani, kujerar roba da aka kawo kuma ƙafarta ta lotse a kan tsakuwa. Babu lokacin neman wata. Na duƙa na dafe bayan mota na ce a sauko da shi ta kaina.

Haka aka zuro Ammi ta taga da baya, ƙafarsa tana lalube har ta sami gadon bayana. Bayansa uban amarya, mutum mai jiki, wanda bai ga dalilin cire takalmi ba. Sai ma'azun, da ya fara jefo littafinsa ya same ni a ƙeya. Mutum shida suka taka ni ɗaya bayan ɗaya, a gaban duk mazan dangi biyu, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Da na miƙe, farar jallabiyata duk sawun takalma ce.

Daidai nan Usama ya iso da farantan shinkafa. Ya ga mahaifinsa zaune a ƙasa ana yi masa fifita, ya ga taga a ɓalle, ya gan ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya sa aka shigar da Ammi motarsa, sannan ya ciro waya ya karanta saƙon nan da ya turo mini, da Larabci, ya kuma fassara da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba. Daga wakilin kamfanin motar ne. Sun gano makullin ƙofar wannan samfurin yana da wata roba a ciki da take sakewa in zafi ya yi yawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa ciki da waje. A mayar da mota su canza kyauta, kuma kafin nan kada a rufe kowa a ciki.

Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Sati uku ina bin ka da wannan. Me ka ɗauka zan ce maka?"

Da bakina, a gaban mutane, na ce, "Na ɗauka aro za ka yi."

Har yanzu ina jin haushin kamfanin nan, kuma ina da gaskiya. Ku ƙera mota sukutum da gado da banɗaki, ku kawo ta ƙasar da rana take narka kwalta, sannan ku sa mata makullin roba? Da kuka gano ɓarnarku kuma sai ku aika saƙon waya da Larabcin da sai an nemo malami, shi ke nan kun fita? Rai fa ake magana. Amma duk lokacin da na ɗauko wannan faɗan a gida, Najat sai ta tambaye ni ko kamfanin ne ya kafa katako. Ba na jin daɗin tambayar.

Ammi ya ƙarasa wunin a asibiti da abin numfashi a hanci. Auta ne ya yi aure, shekara da shekaru yana jiran ranar, bai ci ko loma ɗaya ta walimar ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan taka bayana da aka yi. Najat ta kwana uku ba ta ce mini ko sannu ba. Da na kai motar wajen wakilin, minti ashirin suka yi suka canza makullin, har da ba ni shayi.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya nace da kiranka, ka ɗauka ka ji, don ba kowa ne yake kwana da tunanin kayanka ba, kai kaɗai ne. Na je na ba Ammi haƙuri, ya ce ya yafe, ƙaddara ce, ya ma sa mini albarka. Sai dai tun daga ranar, in na shiga ɗakinsa gaisuwa na kai hannu zan rufe ƙofa, yakan ce, "Bar ta a buɗe, ɗana."