Arzikina na Ƙaiƙayi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarun da aka tare ruwa a Bakolori, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara. Yau ga ni da jikoki, amma in na tuna ranar nan sai in ji fuskata ta ɗau zafi kamar yanzu ake yin abin.

Shekara uku ke nan a lokacin da rabuwarmu da baban Luba. Shi mutumin Maradun ne, yana so in ajiye alli in zauna gida, ni kuma na kafe, har dai igiya ta tsinke. Ranar da na kwashe kayana, wansa Malam Sambo, wanda shi ne babba a gidan kuma ba a tsallake maganarsa, ya dubi Luba a goye a bayana ya ce, "A bar ta ga uwatta har ta yi wayo. In munka ga ba ta iya riƙonta, mu amso abinmu."

Wannan magana ita na riƙa kwana da ita ina tashi da ita. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai daddawa, Inna Tumba, ni da ɗiyata. Duk sanda na ji sallamar namiji a zaure sai in janyo Luba in ɓoye ta a bayana, sai daga baya in ga ashe mai icce ne ko mai gyaran kwano. Ga gari ya cika da ma'aikatan dam, komai ya yi tsada, albashinmu kuma ya koyi laɓewa, wata ya mutu, wani ya tsaya, shiru. Da gyaɗa soyayya nake toshe ɓaraka, ina kai ta makaranta a ƙasan jakar littattafai (hedimasta ya sani, don shi ma yana aikowa a saya masa a ɓoye). Kwanon da muke ci bai taɓa kifewa ba, amma sau da yawa ni nakan ce na ƙoshi don Luba ta suɗe.

Wata ranar kasuwa ina tsugune ina cinikin kuka, sai wata mai sayar da tukwane daga Maradun ta dafa kafaɗata.

"Malama, ke ce? Ai kuwa Malam Sambo shina ta cigiyarki. Ya ce in na gane ki in hwaɗa miki shina nan tahe Talata mai zuwa."

"Lafiya dai?" na tambaya.

"Wallahi bai hwaɗi ba. Ya dai tambaye ni ko kina amsar albashi, ko kuna cin abinci sosai."

Ban san yadda na iso gida ba. Kukar ma a can na bar ta, kuma na biya. Luba ta cika biyar, ta yi wayo, har ta fara rubuta sunanta a ƙasa. Ga shi mutumin yana binciken tukunyata. Ban buƙaci wani ya fassara mini ba: zuwa zai yi ya duba ko na iya riƙo, in ya ga ɗakina wayam ya kama hannunta su tafi. Kwana biyu ina shiga aji ina rubuta abu a allo ina gogewa. Yara na karanta baƙi, ni kuwa ina ganin Luba a bayan a-kori-kura tana waiwaye tana kirana.

A rana ta uku dabara ta zo mini (da ma ta tsaya inda take). Na ce tunda arziki zai zo gani, to arziki zan nuna masa. Na aro rediyo wurin wata abokiyar aikina. Na aro kwanonin samira na Inna Tumba. Na sayar da zanena ɗaya mai kyau na sayi kaza, da shinkafa, da gero tiya uku. Sannan na samo buhu uku, na tafi bayan gari inda mata ke sussuka, na ɗura su da ƙaiƙayi ina dannawa da ƙafa har suka tsaya ƙyam. Biyu na ɗinke bakinsu. Na ukun na bar shi buɗe, na zuba geron nan a sama na baje shi.

Inna Tumba ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallona ina sosa hannu.

"Malama, wagga dabara taki ba ta kwanta mini ba. Manomi za ki yi wa ƙaryar hatsi?"

"Inna, kallo kawai zai yi. Wa ke taɓa buhun mutane?"

"To, Allah shi sa," ta ce. Ta karɓi basilla ta gyara mini ɗinkin, don ta ce nawa ko makaho ya shafa zai gane.

Ranar Talata na nemi izini na dawo gida tun kafin tashi. Na jera buhunan a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakina, inda duk wanda ya zauna dole ya gan su. Na ɗora rediyo a kan taga. Na yi wa Luba wanka na shafe ta da mai har tana ƙyalli, na durƙusa na kama kunnenta.

"In Baffa ya tambaye ki me kika ci jiya, me za ki ce?"

"Kunu."

"A'a! Shinkafa da nama."

"Ai kunu muka sha."

"Luba, ina roƙonki."

Bayan azahar ya yi sallama. Na leƙa na gan shi. Babbar riga ce a jikinsa ta shadda, fara sol, da aiki har ciki, irin wadda ake sawa in za a je gaban alkali. Na ce a raina shi ke nan, da shiri ya zo. Inna ta shigo da shi, na shimfiɗa tabarma, na durƙusa nesa.

"Malama, mun same ku lahiya? Ya aiki? Ya yara na makaranta? Ya haƙuri da mu?"

"Lafiya lau, Malam. Ya mutanen gida? Ya jikin Iya?"

"Da godiya. Da godiya."

Muka yi ta gaisuwa kamar ba za mu gama ba. Ya kira Luba, ya ɗora ta a cinya, ya latsa damtsenta, ya ce, "Kai, ɗiyar ga ta yi ɓul-ɓul." Ni kuwa abin da na ji shi ne: ta isa ɗauka. Na kawo shinkafa da kaza a cikin samirar aro. Ya ci, ya ci, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Ya ɗauki cinya ɗaya ya naɗe a takarda ya sa aljihu. Da mai hankali ce ni, da a nan na tsaya na yi tunani. Amma tsoro ya rufe mini ido, na ɗauka shaida yake tarawa.

Duk wannan lokaci idonsa na komawa kan buhunan. Ya duba, ya sunkuyar da kai, ya sake dubawa. Ni kuma har wani daɗi na fara ji, na ce dabara ta ci. Bakina ma ya ƙara gishiri ba wanda ya tambaye shi.

"Ai na kaka ne na ɗan ajiye, Malam. Akwai ma wasu a Bakura wurin kawuna." (Ba ni da ko zangarniya a Bakura.)

Ya ce, "Masha Allah. Masha Allah." Ya yi gyaran murya, ya sauke Luba ya ce ta je ta yi wasa. Na ce to, ga ta nan tafe. Na damƙe bakin zanena, na fara karanta duk addu'ar da na iya.

"Malama, magana ce ta kawo ni, kuma tana da nauyi ga bakina."

"Ina ji, Malam."

"Kin san gonakinmu na fadama ruwa ya ci su. Inda anka maishe mu tsakuwa ce, bana ko iri ba mu maida ba. Diyya muna ta jira. Ƙanena, uban Luba, ya tahi kudu neman aiki, wata biyar ba aike. Iya ta tsuhwa, ga yara." Ya murza hularsa. "Na ga Allah ya buɗa miki. Ki ranta muna buhu guda, in anka biya mu in maido miki da hannuna."

Inna Tumba da ke tankaɗe a gefe ta tsaya cak da rariya a sama. In na ce a'a, na zama marowaciyar da ta hana kakar ɗiyarta hatsi alhali ga buhu uku a jere, har da na Bakura. In na ce i, to. Hanya ta uku, wato in faɗi gaskiya, ko leƙowa ba ta yi a kaina ba. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Malam, ai ba komai. Sai dai a bari gobe in aiko da shi."

"A'a, kada in wahal da ke. Mota na nan tasha tana jiran ciko, ni ka ɗauka."

Ya miƙe. Ya naɗe hannun rigar nan a kafaɗa. Ya nufi ɗaya daga cikin ɗinkakkun, ya ware ƙafa, ya kama kunnuwan buhun, ya ja numfashi irin na wanda ya shekara arba'in yana ɗaukar hatsi, ya ce, "Bismillahi!" Ya fizga da dukan ƙarfinsa.

Buhun ya tashi sama kamar matashin kai. Malam Sambo ya tafi da baya, ya yi zaman dirshan a tsakar gida, ƙafafu a sama. Ɗinkin ya ɓalle, ƙaiƙayi ya zubo masa tun daga ka har cinya. Hula ta gangara ta tsaya a bakin murhu. Gemu, gira, aikin riga, ko'ina ya yi fari-fari. Luba ta fashe da dariya tana tafi tana cewa, "Baffa ya faɗi!" Inna ta toshe baki da gyale ta shige ɗaki da gudu, ina jin gadonta na girgiza.

Ni ban yi dariya ba. Na zube a gabansa ina kuka wiwi.

"Malam, don girman Allah kada ku ɗauke ta. Wata uku ba a biya mu ba. Amma wallahi ba ta taɓa kwana da yunwa ba, ku tambayi Inna. Rediyon ma na aro ne."

Ya zauna yana tofar da ƙaiƙayi, yana sosa wuya. Ya dubi sauran buhunan biyu.

"Duka ukun?"

"Duka ukun. Sai tiya uku a saman wancan."

"Na Bakura hwa?"

"Babu."

Sannan ya taɓa aljihunsa ya ce, "Kazar dai ta gaske ce ko?"

"Ta gaske ce, Malam."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, irin wadda ke fita da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Mu ɗauke ta mu kai ta ina, Malama? Mu ba ta mi? Sati ukku ina ɗaura niyyar zuwa ina kwancewa, don kunyar in roƙi matar da munka bari ta tahi da goyo ko sabulu ba mu aika mata ba." Ya kama rigar ya kakkaɓe, ƙura ta tashi. "Wagga riga da kike gani ta limaminmu ce. Na aro ta don kada ki gane ni ki ce maroƙi ya taho. Yanzu ki hwaɗa mini yadda zan maida mishi ita."

Ni da Inna muka kwashe fiye da awa muna tsince ƙaiƙayi daga aikin rigar da tsinke, shi yana zaune da 'yar shara yana susa, Luba na zuba masa ruwa a wuya da buta. Na raba geron biyu, ya ƙi, na rantse, ya karɓa. Da zai tafi ya dafa kan Luba ya ce, "Ki bi uwakki, kin ji? Nan ne wurinki." Sai da ya fita zaure sannan na ji numfashina ya sauka har ciki, karo na farko cikin shekara uku.

Sati biyu muka yi muna shan kunu tsararo, ba zane, ba kaza, ga bashin kunya a wurin Inna wadda ta ba duk unguwa labari kafin magariba. Da aka biya mu na sayi rabin buhu na gaske na aika Maradun. An ce da ya iso, sai da Malam Sambo ya zura hannu har gwiwa kafin ya yarda a shigar da shi.

Tun daga ranar, in aka ce baƙo na tafe, nakan bari ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi tukuna. Kaza ba ta gudu, in ta kama a yanka ta daga baya.