Ƙayar Kifi a Gasarar Hajiya

Da aka kawo korayen bokitan zuba ragowar abinci gidan benenmu na unguwar Sa'alaba, ni na bi ƙofa-ƙofa ina koya wa maƙwabta amfani da su, kamar ni na ƙera su. Ranar Alhamis na ga koren bokiti a ƙofar maƙwabciyata Hajiya Zainabu, yana ɗan tsami. Ban ko leƙa ba, na juye masa ƙayar kifi da ɓawon albasa, ina alfahari an ɗauki darasina.

Hajiya ta fito, ta dafe ƙirji: "Innalillahi, Malam! Gasarar kunun sunan jikata ce!"

Washegari shayi tsura baƙi suka sha. Har yau matan benen suna hango ni sai su ce, "Yalla, maza a rufe tukwane, ga Shugaban Shara nan!"