Ranar Da Na Yi Wa Idi Zuga

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na zauna ina yi wa Idi zugar wutar ƙira a tsakiyar kasuwar Bande, da gemuna da 'ya'yana huɗu.

Idi ɗan gwaggona ne, kuma ni na koya masa riƙon masaba a maƙerar babana. Zamanin Nasara ne, lokacin da kumandan na Magariya ya matsa wa kowa sai ya noma gyaɗa, don haka hauya ta zama abin nema. Rumfata tana kallon tasa. Amma mutum zai taso tun daga Waca a kan jaki, ya ce mini sannu da aiki, ya wuce wurin Idi. (Wannan sannu da aikin ta fi mini zagi ciwo.)

Idi yana buga wa kowace hauyarsa zane uku kamar sawun kaza. Dalili kuwa, yana yaro hauyar ubansa ta karye ana tsakar noman farko, kafin a samu wata ciyawa ta cinye gonar, yunwa ta kawo shi gidanmu. Sai ya yi rantsuwa cewa hauyarsa ba za ta yar da manomi a tsakiyar damina ba. Duk mai sawun kaza da ta lalace, a dawo da ita ya gyara kyauta.

Ni kuwa hassada ta hana ni ganin wannan. Na ce zanen kawai mutane suke saye, zane uku kuma ai ba karatu ba ne. Na sayi tsohon tanon mai, wato ganga, a bayan kanti, ƙarfe marar kauri mai daɗin duka, na ƙera hauya goma sha biyu cikin kwana biyu, na buga musu sawun kaza, na ba surukina ya sayar a Waca. Na zaɓi nesa don kada a gane. (Dubi wayo, wai a rashin mai wayo.) Abin da na manta shi ne, duk hauya mai sawun kaza ta san hanyar komawa Bande.

Ranar kasuwa sai ga manoma sun nufo rumfar Idi, kowa da hauya a lanƙwashe. Wani tsoho ya ajiye tasa ya ce, "Idi, ka ci amanata. Kwana uku gonata na jirana."

Idi ya juya hauyar, ya shafa bakinta da yatsa, sannan ya ɗago ya dube ni. Ya san dukan masabata, tunda a kansa ya tashi. Ni kuma na duƙufa ina hura wutar da take ci tun safe.

Na jira ya tona ni, bai tona ba. Ya ce wa tsohon, "Baba, zauna. Aikin gidanmu ne, yau za ka koma da hauya." Sannan ya ɗaga murya: "Yaya, aikin ya yi mini yawa. Zo ka kama mini zuga."

A gidan maƙera zuga aikin sabon shiga ne, babba ba ya yi wa ƙanensa sai da dalili, kuma kasuwa ba ta buƙatar a yi mata bayani. Na tsallaka na zauna. Masu fura suna rufe baki da gyale, tsohon nan yana kallona yana gyaɗa kai. Daga hantsi har la'asar ina zuga, Idi yana ƙera sababbi da ƙarfensa mai kyau, ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu. Gumin da na yi rabinsa ba na wuta ba ne.

Da ya buga zanen ƙarshe sai ya ce mini a hankali, "Yaya, zanen ba shi da wuya. Zaman jiran wanda zai dawo da shi ne aikin."

Bayan nan na yi nawa zanen, layi ɗaya tak, na koma ƙarfen kirki. Sai da na yi damina uku kafin wani ya zo ya nemi hauyata da sunanta, kuma a ranar ma layin masu saye a rumfar Idi ya fi nawa tsawo (na ƙirga, ba zan ɓoye ba).

Na dai koyi cewa wanda ya saci zanen wani, alkawarinsa ya sato, kuma sai ya cika shi ko da a bakin zuga ne. Har yau in kaza ta taka ƙofar rumfata, sai na share sawun kafin in zauna.