Bangon Tukwane

Ba zan taɓa mantawa da bangon nan ba, kuma ko na so mantawa mutanen Danja ba za su bar ni ba.

Shekarar da na dawo daga karatu a Zazzau na tashi gina gidana. Na ce a yi mini ɗakin karatu jingine da zaure, wanda zafin bazara ba ya ratsa shi, sauti kuma ba ya shiga ba ya fita. Na gaya wa jama'a ƙarar dakan mata ce ke hana ni nazari. (Gaskiyar ita ce ni mutum ne mai magana shi kaɗai, kuma da ƙarfi.)

Maginin da na ɗauko, Baba Nomau, wani tsohon Bamaguje ne daga wajen Kafur. Ya ce abin ba wuya: a samo jar ƙasa, a kwaɓa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a jera tubali sahu uku, a shafe da makuba. "Ko rago ka yanka a ciki, Malam, ba mai jin kukansa."

Ni kuwa na karanta littattafai. Na yi masa bayani cikin tausayi cewa in mutum ya sa baki a tulu ya yi magana, tulun kan haɗiye muryar. Saboda haka a yi tubali sahu ɗaya, a binne tsofaffin tukwane a cikin bangon, bakinsu na duban ɗakina.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kalangu ma fa cikinsa wofi ne."

Na ce masa wannan ƙiyasi ne marar tushe. Ya ce bai san ƙiyasi ba, amma gida nawa ne. Aka binne tukwane goma sha ɗaya.

Ana nan sai raɗe-raɗi ya iso mini cewa Liman zai naɗa na'ibi, kuma sunana ake ambata. Ina son abin nan kamar raina. Amma kowa ya san al'ada: in dattawa suka zo maka da muƙami, sai ka ƙi sau uku, a lallashe ka. Wanda ya yi saurin karɓa, kwaɗayayye ne har abada. Ƙin kuwa yana son gwaninta.

Wata Laraba da hantsi, maiɗakina na daka a tsakar gida, na shige ɗaki na ja ƙyaure na fara gwaji.

"Wane ni! Ni da ban gama sanin alwala ba?" Na ji ta yi yawa. Na sassauta murya: "Wane ni, Allah gafarta Malam, ga manya a gari." Na sake wata da rawar murya, har da jan majina. (Wannan sai da na maimaita ta sau huɗu, majinar ba ta fita daidai.) Na kwaikwayi Liman ma, da 'yar shaƙaƙƙiyar muryarsa: "Haba ɗana, duk ƙasar nan wa ya kai ka?"

Na tsaya na tambayi kaina a fili: "To, wacce ta fi?"

Sai bango ya amsa, tas, kamar a kunnena: "Ta biyun ta fi, ɗana. Mai majinar ta yi yawa."

Shaƙaƙƙiyar muryar ce, ta ainihi.

Na fito zaure. Ga Liman, ga dattawa huɗu a kan tabarmata, ɗaya ya cusa gefen rawani a baki, kafaɗunsa na girgiza. Ashe sun yi sallama ƙarar taɓarya ta danne, suna zama kuma tukwanena suka fara aiki.

Liman ya ce, "Al'ada sau uku ce, kai ka ƙi sau bakwai. Ba ma tilasta wa mutum. Ku tashi mu je."

Ban san lokacin da na riƙe bakin rigarsa ba. "A'a, Allah gafarta Malam, ina so! Wallahi ina so!"

An ba ni na'ibancin, tare da suna. Yau shekara ashirin ba wanda ke kirana sai Na'ibi Wane-Ni.

Washegari na aika a kira Baba Nomau. Ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, bango ya ce dum.

"Sahu uku?" ya tambaya.

Na ce huɗu. Tun daga ranar, in magini na magana nakan rufe littafi, in kuma zan yi tawali'u, nakan fara leƙa zaure.