Rasuwar Rumbu, Jakar Goyon Momchil Kasabov

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, da gadon bayan da har yau bai miƙe ba, Momchil Kasabov, malamin makaranta a garin Razlog, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya tsaya karanta wannan takarda a jikin bishiya, rasuwar jakar goyonsa, wadda aka fi sani da Rumbu. Ta rasu a bakin aiki, a kan tsaunin Pirin, a watan Agustan bara. Ta haura shekara ashirin a duniya, kuma babu shekara ɗaya daga ciki da ta huta.

Mai makoki yana neman afuwa bisa makarar wannan sanarwa. Ya kamata a ce an manna ta tun cikar arba'in, kamar yadda ake yi wa kowa. Sai dai ya ajiye gawar a baranda, ya zauna jiran wani ya lura da kansa cewa an yi rashi. Halinsa ke nan tun yana yaro: ya shiga ɗaki ya yi fushi shi kaɗai, ya ɗauka duk gari ya sani.

Marigayiyar shuɗiya ce a ƙuruciyarta, kafin rana da ruwan sama da gumin mai ita su mayar da ita launin da ba shi da suna. A takarda an ce lita casa'in take ɗauka, amma ita ba ta taɓa karanta takardar ba. Ba a taɓa jin ta ce ta ƙoshi ba. Idan an cika cikinta sai ta buɗe wuyanta, idan wuyan ya cika sai ta miƙa aljihunanta, idan su ma suka cika sai ta bari a rataya mata kofi da kasko da jiƙaƙƙen takalmi a waje, ta dinga tafiya tana kaɗa su kamar garken tumaki mai ƙararrawa. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ta yi wa mai ita matashin kai a bakin tafki, ta yi masa katanga ranar iska, ta yi wa wasu kujera ba tare da sun nemi izini ba. Ba ta da yawan magana. Da safe idan an ɗaura ɗamararta a ƙugu sai ta ce ƙas, shi ne gaisuwarta. A hawa kuwa, ƙarafa biyun da ke bayanta sukan ce ƙiiƙ, ƙiiƙ, daidai da takun mai ita. Ya daɗe yana ɗaukar wannan a matsayin waƙa. Yanzu ya gane roƙo ne.

Momchil ya saye ta ne yana sabon ango, da burin wata rana ya shiga daji shi kaɗai, ya yi kwanaki bai ga mutum ba, ya dawo da gemu da hikima. Wannan tafiya ba a yi ta ba. Abin da aka yi shi ne, a fitarta ta farko Lyuben Gerov ya gan ta. Lyuben likitan haƙori ne, kuma shi ne kum ɗin Momchil: shi ya tsaya masa a coci ranar aure, shi ya riƙe 'yarsa ranar baftisma. Kowa ya san ba a ce wa kum a'a.

Lyuben ya zagaya jakar yana kallonta, ya ce, “Kai, Momchil! Wannan jaka ce ko ɗakin haya?”

“Ta tafiya mai nisa ce, kume.”

“Ka ga abu! To tunda akwai wuri, riƙe mini wannan.”

Gwangwanin kifi ne guda biyu. Da su aka fara.

Daga ranar, kowace bazara su huɗu suke hawa dutse: Lyuben, da matarsa Velichka, da abokinsu Tisho, da mai makoki. Lyuben ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, saboda bayan likitan haƙori jarinsa ne. Velichka ba ta yarda a ci abincin gwangwani a kan dutse kamar marasa gata, don haka takan zo da kwalaben miyar tattasai da ta dafa da hannunta, da tukunyar ƙasa ta dafa wake, domin wake a tukunyar ƙarfe cin mutunci ne. Shi kuwa Tisho yana da gwiwa. Gwiwar lafiyarta ƙalau a filin rawa da filin ƙwallo, sai an iso gindin dutse take tuna cewa tana ciwo. Su ukun sukan wuce gaba da 'yan jakunkunansu kamar na 'yan makaranta, suna hira suna ɗaukar hoton furanni. Momchil da Rumbu suna baya. A duk hotunan waɗannan shekaru, idan aka duba can nesa, za a ga wani tulin kaya mai ƙafafu biyu yana tahowa. Shi ne.

Bai taɓa ƙorafi ba, a faɗi gaskiya. Idan ya iso masauki jiƙe sharkaf, sukan tashi su yi masa tafi. Lyuben ya daki kafaɗarsa ya ce, “Ga jarumin Pirin! In babu kai ina mu?” Wannan magana ita ce ladansa, kuma ta ishe shi. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ɗalibansa ke hamma a gabansa kullum, ba ya raina tafi.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali. Zif ɗin aljihun hagu ya fara zubar da haƙora, kuma likitan haƙorin da ke cikin tawagar bai ce komai ba. Maɗaurin kafaɗar dama ya saki, aka kai ta wurin baduku ya ɗinke, ya sake saki, aka sake kai ta. A zuwa na ƙarshe badukun ya ɗaga gindinta ya nuna wa hasken taga, rana ta ratso ta cikinsa kamar ta cikin rariya. Ya ce, “Malam, wannan baiwar Allah ta gama aikinta. Ka bar ta ta tsufa a gida.” Momchil ya yi niyyar faɗa wa abokansa. Ya kai maganar har bakinsa. Sai ya tuna cewa bai san abin da zai zama a cikinsu ba idan ya zo da 'yar ƙaramar jaka kamar kowa, sai ya haɗiye ta.

Ranar da abin ya faru, marigayiyar tana ɗauke da tanti biyu, da tukunyar ƙasa, da wake, da cuku, da kwalaben Velichka, da tulun rakiya, wato barasar da mahaifin Tisho ya dafa da 'ya'yan itacen plam na gonarsa. A wurin da mota ta sauke su, Lyuben ya buɗe but ya fito da kankana, irin wadda ake rungumewa da hannu biyu.

“Za mu sanyaya ta a tafki,” in ji shi. “Ka taɓa shan kankanar da ta kwana a ruwan ƙanƙara?”

“Kume, anya kuwa...”

“Haba, Rumbu ce fa! Tura ta ƙasa, akwai wuri.”

Ta kai su har siririyar hanyar da ke saman tafkin. A nan ta ce ƙiiƙ, ta sake cewa ƙiiƙ, da wata murya da bai saba ji ba. Sannan ta ce fyaaat. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Gindinta ya yage daga gefe zuwa gefe. Duk abin da aka ba ta amana ya zube a kan duwatsu. Momchil, wanda jikinsa ya saba jingina da nauyi, ya tafi gaba ya kife, wani abu a ƙashin bayansa ya ba da ƙara. Yana kwance ya ga kankanar ta kama gangara tana tsalle.

“Kankanar!” Lyuben ya yi ihu. “Tisho, tare ta!”

Tisho mai gwiwa ya bi ta a guje kamar bunsurun dutse.

“Wayyo kwalabena!” in ji Velichka. “Wayyo tattasaina, kwana na yi ina gasa shi!”

Lyuben ya zo ya tsaya a kan Momchil, fuskarsa cike da damuwa. Ya ce, “Rakiyar dai ba ta fashe ba ko?”

“Kume, bayana.”

“Bayanka me? Ai yanzu ka huta, an sauke maka.”

Tafiyar a nan ta ƙare, domin ba a samu wanda zai iya ɗaukar kayan ba. Suka zauna a gefen hanya suka cinye abin da zai ciwu, suka sha abin da zai shawu, don kada a yi asara. Momchil ya sauko da gawar rungume a ƙirjinsa, yana tafiya a karkace. Shi ne karo na farko da ya ɗauke ta ba ta da nauyi, kuma ba ta ce komai ba har gida.

Likitan ƙashi ya duba hoton bayansa ya ce kada ya sake ɗaga abin da ya fi ledar burodi. Ganye ya zube, sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe dutsen. Wayar Momchil ba ta yi ƙara ba. Ya gan su dai a hoto, su uku, a wani gidan abinci da ke gindin dutse, inda mota ke kai mutum har bakin ƙofa, suna ɗaga kofuna. Ya ƙara girman hoton ya duba can baya, saboda sabo. Babu kowa.

Matarsa Rayna ta same shi a baranda yana kallon gawar. Ta ce, “Ka kira su mana, in abin ya dame ka.”

“Ni zan kira? Ni na faɗi, ni kuma zan kira?”

“To zauna, kai da mamaciyarka.” Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya. “Momchil, jakar ce ƙawarsu. Kai ƙafafunta ne kawai.”

Duk tsawon hunturu Momchil yana shirya jawabi. Ya tsara shi a gaban madubin banɗaki, da inda zai ɗaga murya da inda zai yi shiru ya kalli Lyuben cikin ido. A ciki akwai kalmar jaki, akwai shekara ashirin, akwai kankana. Rayna ta ji shi ta bayan ƙofa ta ce jawabin ya yi kyau, saura masu sauraro.

Masu sauraron sun zo a makon jiya, daidai lokacin da ƙanƙarar kan hanyoyin dutse ta fara narkewa. Su uku a bakin ƙofa, Tisho yana rungume da wani babban ƙunshi. Momchil ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki. Lyuben ya rungume shi.

“Mun ba ka lokaci ne ka yi makoki,” in ji shi. “Mun san yadda kuke da ita.”

“Dutse ba ya daɗi in ba ka,” in ji Velichka, tana share ido.

“Na rantse da Allah,” in ji Tisho, “tun bara ban ci wake mai zafi a sama ba. Buɗe mana, tsoho, hannuna ya gaji.”

Ya buɗe. Jakar goyo ce sabuwa fil, ja, zif ɗinta da haƙora cikakku. Jawabin ya narke, ya fito ta ido. Mai makoki ba ya ɓoyewa, ya yi kuka a gaban mutane. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, “Kume, likita ya ce...”

“Ni ma likita ne,” in ji Lyuben. “Na ce ka warke.”

Marigayiyar ta rasu ta bar sanduna biyu na tafiya, ɗaya a lanƙwashe; da tanti mai ɗigar ruwa; da rigar ledarta ta kare ruwan sama, wadda yanzu ba ta da wanda za ta rufe; da safa ƙafa ɗaya da aka samu a aljihunta na ciki, ba a san mai ita ba. Ta kuma bar abokai uku da suka ci gadonta tun tana raye, da Momchil, wanda kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu gajarta saboda ita. Allah ya sa ta huta, domin a duniya dai ba a bar ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da sassafe, saboda Rayna na buƙatar barandar don dashen tumatir. Za a ɗauko gawar daga hawa na huɗu, a bi da ita ta gaban shagon baduku don ya yi mata kallon ƙarshe, zuwa babban mazubin shara da ke ƙarshen layi, inda za a sa ta a makwancinta. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari ga duk wanda ya halarta. Ba a buƙatar furanni. Ana roƙon jama'a kada su tsawaita ta'aziyya, domin motar Lyuben za ta jira a bakin mazubin, kuma daga can za a wuce dutse kai tsaye.

Sabuwar jakar ta fi marigayiyar da lita ashirin.