Rigunan Shuni

Da sabon kulob ɗinmu ya shiga gasar ƙwararru, ni aka ɗora wa zaɓen suna da riguna. Na raɗa masa Zakunan Jakara, na dage sai an rina rigunan da shuni, don duniya ta san tarihinmu.

Tsohon marini ya ce, "Alhaji, bari a ɗauraye su tukuna."

Na ce, "Baba, ƙyallin nake so."

Kafin hutun rabin lokaci a wasan farko, zufa ta mai da 'yan wasanmu shuɗɗa har kunne. Shugaban kulob ya rungumi kyaftin, farar babbar rigarsa ta lalace.

Har yau 'Yan Shuni ake kiranmu. Ni kuwa, duk wanda ya gaisa da ni sai ya duba tafin hannunsa.